Daga Mafaka Zuwa Tsakuwa: Tarihin Dutse a Ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota daga Funtuwa zuwa Sakkwato ya san cewa da zarar an wuce Yankara to an shiga ƙasar duwatsu. Garin Tsafe yana zaune a gindin nasa, na Kwatarkwashi kuwa ba sai an nuna wa baƙo ba, domin tun daga nesa yake tare ido. Haka za a yi ta ganinsu, manya da ƙanana, a wuce Gusau, a wuce Bunguɗu, har Maru. Sai an bar Talatar Mafara a baya sa'an nan ƙasa ke miƙewa, duwatsun su ɓace.

Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce: mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru a tsakiyar wannan dutse, me ya hana su gina gidajensu da shi? Kuma yaushe ne, ta hannun wa, dutsen da kakanninmu ke tsoro suna girmamawa ya koma abin da ake aunawa a tifa a sayar? Abin da na fahimta, wanda kuma zan yi ƙoƙarin nuna wa mai karatu, shi ne mun tsallake mataki guda. A wasu ƙasashe dutse ya fara zama kayan gini, aka sami magina masu sassaƙa shi, kafin a zo ga niƙa shi. Mu a nan daga mafaka ya zarce ya zama tsakuwa.

Wane irin dutse ne?

Masana ilmin ƙasa suna kiran wannan dutse giranit. Asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare sannu a hankali a can cikin ƙasa, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Saboda a hankali ya huce, shi ya sa idan ka fasa shi za ka ga ƙwayoyinsa ɓaro-ɓaro, wasu farare kamar gishiri, wasu ja-ja, wasu baƙaƙe masu ƙyalli. Wani Bature mai suna J. D. Falconer, a littafin da ya wallafa a 1911 kan ƙasar Nijeriya ta Arewa, shi ya raba giranit ɗin ƙasar nan gida biyu: tsoho, irin namu, da kuma sabo, irin na Jos mai ɗauke da kuza. Wannan rabo ya shafi tarihinmu ƙwarai, domin kuza ce ta ja Turawa da kamfanoninsu zuwa Jos tun farkon zuwansu, namu kuwa da ba shi da kuza aka ƙyale shi sai da aka bukaci ƙarfinsa.

Tsaunukan da muke gani yau da can a binne suke. Ruwa da iska ne suka yi ta kwashe ƙasa mai taushi da ke kewaye da su, har suka bar su tsaye tsirara. Akwai kuma wata ɗabi'a tasu da ya kamata mai karatu ya riƙe, don za mu dawo kanta: bayansu yakan ɓare falle-falle, kamar ɓawon albasa, fallen ya zamo ya faɗo gindi ya farfashe.

Zamanin da dutse ke mafaka

Kafin zuwan Turawa, amfanin dutse na farko shi ne tsare rai. Ƙasar Zamfara ba ta cika samun dogon zaman lafiya ba. A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa suka ci Birnin Zamfara, suka kafa Alƙalawa. A farkon ƙarni na 19 jihadi ya zo, kuma wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe, mutanensa suka watse. Bayan haka ne Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa Gusau, kuma har yau sarautar garin Sarkin Katsinan Gusau ce, ta Tsafe kuwa 'Yandoto, wato dai sunayen sarautun kansu suna tuna mana da waccan rigima. Sauran ƙarnin ma bai wuce lami lafiya ba, domin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri ba su daina kawo hari ba.

A irin wannan zama, garin da ke da dutse a bayansa ya fi wanda ke fili kwanciyar hankali. Doki ba ya hawan falalen dutse, kuma mutum guda a bisa yana hango ƙurar mahara tun suna nesa. Akwai koguna na ɓoye mata da yara da hatsi, akwai kuma ramukan da ke riƙe ruwan sama har cikin rani. Tarihin baka na Kwatarkwashi yana danganta kafuwar garin da mafarauta da suka zauna a wannan dutse tun kafin jihadi da daɗewa. Dutsen ya shahara da iskoki a wurin masu addinin gargajiya, ya kuma shahara da maiki, wanda ke sheƙa a ɓangarorinsa masu wuyar hawa, har samarin garin suka mai da kamun maiki bikin nuna jaruntaka. Masu nazarin tsuntsaye ma sun daɗe da sanin Kwatarkwashi saboda wannan tsuntsu, ko da yake yanzu ya yi ƙaranci ƙwarai.

A kusa da wannan dutse ne kuma aka yi ɗaya daga cikin manyan gwabzawar da Turawa suka yi da mutanen Arewa. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano, alhali Sarki Alu ya tafi Sakkwato. A kan hanyar komowa Sarki ya rabu da jama'arsa, Waziri Ahmadu ya ja ragowar runduna ya nufo gida, suka yi karo da sojan Turawa a wajejen Kwatarkwashi a ƙarshen watan. A nan Waziri ya faɗi, shi ya sa Kanawa ke ce masa Mai Shahada. Hafsan Turawan, Wallace Wright, saboda wannan yaƙi aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila. Ni a ganina wannan rana ce ta fara rage wa dutse daraja a matsayin mafaka, domin daga lokacin da hare-hare suka ƙare, mutane a ko'ina cikin Arewa suka fara saukowa fili, kusa da gona da kasuwa da hanya.

Bari in ɗan ratse, tun da mu ɗaliban harshe ne. A takardun Turawa za ka ga an rubuta Chafe maimakon Tsafe, da Kotorkoshi maimakon Kwatarkwashi. Na farkon ba kuskuren kunne ba ne gaba ɗaya, domin a karin harshenmu na yamma harafin "ts" idan ya zo wasu wurare yakan karkata ya yi kama da "c". Ko kalmar dutse ma, tsofaffinmu ba haka suke furta ta ba. Baturen ya rubuta abin da ya ji ne iyakar iyawarsa.

Dutse a cikin gida

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kakanninmu ba su taɓa dutse ba sam. Sun yi aiki da shi, sai dai ba a bango ba. Murhu duwatsu uku ne. Rumbu a kan duwatsu ake ɗora shi, don kada damshi da gara su kai ga hatsi. A kan fa ake shanyar gero da barkono da kuɓewa, a can kuma mata ke sussuka. Da dutse ake wasa wuƙa da gatari, da shi ake alamar iyakar gona da ta kabari. Mai hali kuma, idan zai ta da soro a wuri mai ruwa, yakan jera duwatsu a harsashi kafin a fara ɗora tubali.

Amma sarkinsu duka shi ne dutsen niƙa. Wannan ita ce sana'ar fasa dutse ta farko a ƙasarmu, kuma ta girmi jirgin ƙasa da ɗaruruwan shekaru. Ba kowane dutse ke yin niƙa ba. Wanda ƙwayarsa ta cika girma yana zubar da tsakuwa a gari, wanda ya cika santsi kuma ba ya cin hatsi. Akan nemi falle mai kauri daidai, a ware shi, a rage masa gefe, a sassare fuskarsa ta yi kaushi, a nemo masa ɗansa wanda zai cika tafin hannu biyu. In ya yi santsi da aiki sai a sake sassare shi. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, tana da wani da ta ce da shi aka kawo ta gidan miji, kuma ita ma a wurin uwarta ta gāda. Tsakiyarsa ta lotsa har tana riƙe ruwa. Da injin niƙa ya zo ƙauyenmu aka jingine shi a bayan ɗaki, kaji suka mai da shi wurin shan ruwa. Na tabbata da yawa daga cikin 'yan'uwa ɗalibai akwai irinsa a gidajensu.

To, me ya hana gini da shi?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce taurinsa. Gaskiya ne giranit yana da tauri, kuma ƙarfen da maƙeranmu ke narkawa daga tama bai kai ya yanka shi yadda ake so ba. Gaskiya ne kuma babu farar ƙasar da za a ƙona a yi abin haɗa duwatsu a kusa da mu, sai can wajen Sakkwato. Ga nauyi: jakin da zai ɗauko mangalar jar ƙasa sau goma a yini daga kududdufin bayan gari, duwatsu nawa zai kawo daga gindin tsauni?

Sai dai wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, saboda wasu mutane masu irin dutsenmu da irin ƙarfenmu sun yi gini da shi. A ƙasar Zimbabuwe akwai kangon wani birni da aka gina tsakanin ƙarni na 11 da na 15, ganuwarsa ta giranit ce zalla, ba laka ba siminti, wani wurin tsawonta ya kai mita 11. Da me suka yi? Da waɗannan fallayen da na ce suna ɓarewa kamar albasa, suna kuma hura wuta a kan dutsen don ya ƙara tsagewa. Ba sai mun je nesa ba ma. A Sukur, cikin ƙasar Madagali ta Jihar Adamawa, fadar sarkinsu da hanyoyinsu da gandayen gonakinsu duk jeren dutse ne, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. A ƙasar Hausa kanta, ganuwar Surame da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16 da duwatsu aka yi ta, ko da yake ba giranit ba ne. Ashe ke nan ba rashin iyawa ba ne kurum.

Abin da nake gani shi ne Bahaushe ya riga ya zaɓi ƙasa, ya kuma ƙware a kanta har ba ya bukatar wani abu. Yana da tubali, yana da azara ta giginya wadda gara ba ta ci, yana da makuba da katsi na shafe bango don ruwa, ya iya daurin guga wanda ke riƙe rufin babban zaure ba ginshiƙi a tsakiya. Sana'ar tana da sarkinta, Sarkin Magina, tana da gwanayenta irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Ɗakin ƙasa yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu. In iyali sun ƙaru a fasa bango a ƙara ɗaki, in an yi rabon gado a ja katanga, in gari ya tashi a bar kufai, ƙasar ta koma inda ta fito. Gini na gayya ne, kowa ya iya cuɗa ƙasa, yaro ma ya iya miƙa tubali.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba, wanda nake jin yana da ƙarfi. A tunanin mutanen birni, dutse wurin iskoki ne da mafarauta da masu tsafi. Ko a Kano, labarin Dala da Barbushe ke nan. Wayewa da malanta da sarauta suna cikin ganuwa ne, a soro mai zanko. Mutumin da ya sauko daga dutse ya shiga birni ba zai so ya kwaso dutsen ya kawo cikin gidansa ba. Wannan ra'ayina ne, mai karatu yana iya saɓa mini, amma ya duba ya gani ko a cikin sarautun sana'a da muka sani, na maƙera da magina da marina da mahauta, ya taɓa jin sarkin masu sassaƙa dutse.

Zuwan jirgin ƙasa

Wanda ya fara bukatar dutse da yawa a ƙasarmu shi ne layin dogo. Jirgi ya isa Kano a 1911. A cikin shekarun 1920 Turawa suka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, ba don komai ba sai don kwasar gyaɗa da auduga. Hanyar jirgi kuwa ba ta yiwuwa sai da dutse: kowane rafi yana son kwalbati, kowane gulbi yana son gada mai ƙafafu, kuma tsakuwa ce ke riƙe dogo kada ya motsa. Da wannan aiki ne nakiya da babbar guduma da ƙarfen huda dutse suka zama sanannu a wurin talaka.

Su wa suka yi aikin? Hanyar da Turawa suka saba bi tun aikin dogon Baro zuwa Kano ita ce a aika wa Sarki, Sarki ya aika wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai adadin mutanen da kowane zai kawo. Ana biyan ɗan abin da ake biya, amma ba a tambayar mutum ko yana so. Harshenmu ya adana mana shaidar wannan zamani. Kwanon ƙarfen nan da lebura ke ɗaukar ƙasa da tsakuwa a ka, har gobe sunansa kwanon sarki. A ganina wannan suna kaɗai ya isa ya gaya mana da umurnin wa aka fara ɗora shi a kan mutane. Haka kuma kalmomin lebura da birkila da kwalbati da kankare duk tare da wannan sabon aiki suka shigo bakinmu.

Jirgi ya mai da Gusau babbar kasuwa. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, baƙi daga kudu suka cika Sabon Gari. Gine-ginen tasha da na kanti da na gwamnati suka fito da wani salo da ba a saba gani ba, wato harsashin dutse da siminti, rufin kwano. A nan ne aka sami 'yar dama ta koyon ginin dutse sosai, kuma wasu birkiloli sun koya, ana ganin hannunsu a tsofaffin kwalbatoci da gindin wasu gine-ginen En'e. Amma sana'ar ba ta yi saiwa ba, domin kafin ta kafu wani abu ya zo ya sha gabanta.

Siminti da bulo

Wannan abu shi ne siminti. Da can daga Ingila ake kawo shi, sai gwamnati da manyan kamfanoni ke iya saye. A 1957 aka buɗe masana'antar siminti ta farko a Nijeriya a Nkalagu, a 1967 kuma ta Kalambaina kusa da Sakkwato ta fara aiki. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970 sai abin ya zama kamar hauka, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a tashar Ikko an rasa inda za a sauke. A wannan zamani ne aka gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978, aka kuma shimfiɗa kwalta a manyan hanyoyi.

Siminti ba ya son sassaƙaƙƙen dutse. Bulo da yashi ake buga shi, kowane yaro ya koya cikin mako guda. Abin da kankare da kwalta ke so shi ne dutsen da aka farfasa ƙanana. Saboda haka maimakon a sami magina masu gyara dutse su jera, sai aka sami masu fasa shi. Ginin ƙasa ya zama alamar talauci, ginin bulo ya zama alamar samu, ginin dutse kuwa bai sami gurbi ba ko kaɗan, in ban da ɗan adon da akan manna a fuskar katangar masu kuɗi. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni, sai bukatar ta ninka: sakatariya, gidajen ma'aikata, tituna, magudanan ruwa, daga baya kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Duk wanda ya zuba dakali ko ya ɗaure linta a garin nan, da guntun wani tsauni ya yi.

Yadda ake fasa shi

Iri biyu ne masu wannan aiki. Akwai kamfani mai injuna, wanda ke huda dutse ya ɗura nakiya ya tashe shi, manyan motoci su kwashe su zuba a bakin inji, inji ya niƙa ya tankaɗe, mai inci guda ya fita nan, mai rabin inci ya fita can, ƙurar dutse ma a tara ta a sayar wa masu bulo. Akwai kuma talaka mai guduma. Shi yakan tara itace ko tsofaffin tayoyi a kan fa ya cinna wuta ta kwana tana ci, zafi ya sa bayan dutsen ya tsage, ya sa ƙarfe ya ɓanɓaro falle, ya farfasa da babbar guduma. Daga nan sai mata da yara da tsofaffi su zauna da ƙananan guduma suna mai da shi tsakuwa, a tara tsibi-tsibi ana jiran mai tifa. Abin lura a nan shi ne dabarar wutar nan ita ce dai wadda mutanen Zimbabuwe suka yi amfani da ita suka gina birni. Mu da ita muke yin tsakuwa.

Wani kawuna ya yi shekaru yana tuƙin tifa, na kuma sha bin sa lokacin hutu. Abin da na gani shi ne wanda ya fi shan wuya shi ya fi samun kaɗan. Mai mota yana da nasa, dillali yana da nasa, mai karɓar kuɗin wuri yana da nasa, matar da ta wuni a rana tana dukan dutse kuwa da kwano ake auna mata. Ba ta da abin rufe ido, ba ta da abin rufe hanci. Likitoci sun tabbatar cewa ƙurar irin wannan dutse idan ta daɗe tana shiga ƙirji takan sa huhu ya ƙandare, cutar da ba ta da magani, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Mu a Zamfara bai kamata a yi mana dogon bayani kan ƙurar dutse ba. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje. Wancan dutse daban ne, gubarsa ma daban, amma sakacin iri ɗaya ne. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to waɗannan bayin Allah kullum suna dafa shi, romon ne dai ba ya zuwa wurinsu.

Wani abin takaici kuma, attajirin da ya gina gida a Gusau idan ya zo shimfiɗa daɓe ko matakala yakan sayi gogaggen giranit mai sheƙi, wanda sau da yawa daga Indiya ko Sin aka yo odarsa, alhali ga uwarsa nan a bayan gari ana niƙawa ana zubawa a ƙarƙashin kwalta.

Dutsen na wane ne?

A da, dutse na gari ne, sarki da dattawa ke da ta cewa a kansa. Yanzu doka ta raba abin biyu. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, amma tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun sa duk ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma izinin kafa wurin fasa dutse daga Abuja yake fitowa. Wato manomin da gonarsa ke gindin tsauni yana iya wayar gari ya ga an zo da takarda daga inda bai taɓa zuwa ba. Rashin tsaro ya ƙara dagula al'amarin. 'Yan bindiga sun mai da dazuzzuka da duwatsun yankin maɓoya, kamar dai tarihi ya juyo da baya, sai dai wannan karon mahara ne ke bisa, mutanen gari ke fili. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ba ta ɗage hanin ba sai a Disambar 2024.

Dokar 2007 ba ta bar jama'a hannu sake ba. Ta wajabta wa mai izinin fasa dutse ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da mutanen wurin kan abin da zai yi musu kafin ya fara aiki. Ta kuma hana yin aiki a wurin da jama'a ke ɗauka mai alfarma, ko ɓata abin da suke girmamawa. Akwai kuma Hukumar Gidajen Tarihi da aka kafa a 1979, wadda ke da ikon kare wuraren tarihi, kamar yadda aka kare Surame tun 1964. Amma fa doka ba ta kare abin da ba wanda ya tashi ya ce akwai shi. A kan wani ƙaramin dutse kusa da ƙauyenmu na ƙirga ramukan niƙa fiye da goma a jere a kan fa guda, ga katangar duwatsu da ta rushe ta tare wata 'yar hanya tsakanin manyan duwatsu biyu, ga fasassun tukwane ko'ina. Babu takarda ko ɗaya da ta ambaci wurin. Ranar da aka ɗura masa nakiya, cikin wuni guda zai zama lodin tifa.

Ba ina cewa a daina fasa dutse ba ne. Muna son hanya, muna son asibiti, kuma dubban mutane da wannan guduma suke ci. Duwatsun suna da yawa, ba duka ke ɗauke da tarihi ba. Abin da ake bukata shi ne a san wanne ne wanne, kuma wannan aiki ne da ɗalibin Hausa zai iya yi ba tare da jiran kowa ba. Shawarata ga 'yan wannan ƙungiya da suka fito daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu ita ce, a hutu mai zuwa, inda hanya ke da lafiya, kowa ya rubuto sunayen duwatsun garinsu yadda mutanen wurin ke furta su, da dalilin kowane suna, da abin da ke kansa, da wanda aka riga aka fara fasawa. A tambayi mafarauta da tsofaffin magina da waɗanda iyayensu suka yi aikin dogo. A fara da tsofaffin mata, domin su ne suka san daga wane dutse ake kawo dutsen niƙa mai kyau, da ranar kasuwar da ake sayar da shi, da gidan da ke sassaƙa shi.